Kadiri Mai Takardun Kyanwa

Idan ka shiga unguwar Tishigu a Tamale kana cigiyar gidan Malam Abdulkadiri Mahama, sai mutane su yi ta duban juna suna tambayar wane ne haka. Amma ka ce Kadiri Mai Takardun Kyanwa, ko amaryar da ta tare jiya za ta nuna maka: gidan nan ne mai darbejiya a ƙofa, inda matarsa Adiza ke sayar da koko da safe. Ba shi ya zaɓar wa kansa sunan ba. Ɗankande mahauci, abokinsa tun suna yara, shi ya liƙa masa don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har masallaci. Da farko yakan ɓata rai. Yanzu in an kira shi da sunan yanka sai ya ɗan jinkirta kafin ya waiga.

Kakansa falke ne. Ya biyo ayarin goro daga ƙasar Hausa, ya zauna Salaga shekaru, da kasuwar can ta ja baya ya hauro Tamale, ya kai wa sarki gaisuwa da ƙwaryar goro, aka nuna masa fili aka ce ya gina. A ɗakin da kakan ya fara ginawa aka haifi Kadiri, a nan ya yi aure, a nan kuma yake kwana har yau da shekararsa sittin da bakwai. Jikan falke ke nan, amma iyakar tafiyarsa Accra.

Bokonsa bai yi nisa ba. Yana karanta Turanci, amma da yatsa, baki na motsi. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana lebura a ofishin likitocin dabbobi, aikinsa kuma guda ne, riƙewa. Likita ya zo da allura, Kadiri ya riƙe. Ya riƙe bijimi, ya riƙe tunkiya, ya riƙe karnukan farauta da masu su kansu ke shakkar bakinsu. Ba ya kokawa da dabba. Sai ya tsuguna kusa da ita, ya ɗora tafin hannu a wuyanta, ya yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da Hausa, ko da kuwa tunkiyar Dagomba ce, har ya ji jikinta ya saki, sannan ya ce wa likita bisimilla.

Sana'ar da ta ba shi suna kuwa bayan ya yi ritaya ta same shi. Tamale ba ta rabo da Turawan ƙungiyoyi, masu haƙa rijiyoyi da masu koyar da noma da masu auna jarirai. Su zo na shekara biyu ko uku, su kama haya a unguwar Kanvili, kafin wata shida sun tsinci ɗan kwikwiyo a bakin kwata sun raɗa masa suna. Ranar da za su tafi hutu gida sai ka tarar ba za su iya rabuwa da shi ba. Wata irin wannan ce ta je wa Dakta Zakir, likitan dabbobin da Kadiri ya yi aiki da shi, da maganar tafiya da karenta, shi kuwa likita ba shi da lokacin zirga-zirga, ya ce a kira masa Kadiri.

A wannan karo na farko Kadiri ya tafka kuskuren da har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Karen yana da katin rigakafin ciwon hauka, an yi masa allura wata biyu da suka wuce, ga hatimi ga sa hannu. Kadiri ya ga kati garau, ya ce an rage aiki. Aka sa wa kare cip, 'yar ƙwayar nan kamar ta shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambar dabba, aka ci gaba da sauran abubuwa. Sai da tafiya ta rage mako guda aka gane cewa a dokar mutanen Turai, allurar da aka yi kafin a sa cip ba allura ba ce, tun da babu abin da ke shaida wane kare aka yi wa. Komai ya koma farko. Matar ta hau jirgi tana kuka, kare ya yi wata huɗu a zauren Kadiri, maƙwabta na gunaguni, Adiza na wanke kwanukanta da ƙasa sau bakwai ko karen bai je kusa da su ba.

Tun daga nan ya haddace abin a jere, yana kuma karanta wa duk wanda ya zo kamar mai koyar da alwala, inda ba a wanke ƙafa kafin fuska. A fara sa cip, sannan allurar rigakafi. A ƙirga kwana talatin, a ɗebi jini. Jinin nan shi da kansa yake sa shi a kula da ƙanƙara, ya rungume a cinya a motar Accra, daga can a aika da shi ɗakin gwajin da mutanen Turai suka yarda da shi, don ba kowanne suke yarda da shi ba. In sakamako ya yi kyau sai jira, wata uku cur daga ranar da aka ɗebi jinin, ko kwana ɗaya ba a ragewa. A ƙarshe likitan gwamnati ya duba dabba ya rubuta takardar lafiya, ita kuma kwana goma kacal take aiki. Wata takan zo masa a Mayu tana so ta tafi a Yuni. Sai Kadiri ya zare tabarau, ya dube ta da tausayi.

"Madam, ba ni na yi doka ba. Da ma tun Janairu kika zo."

Karnuka da kyanwoyi arba'in da biyu ya fitar a shekara tara, kuma bayan na farkon nan ko ɗaya ba a taɓa mayarwa ba. Masu su sukan aiko masa da hotuna a waya. Ga wani baƙin kare da aka tsinta a bayan tasha yana tsaye cikin ƙanƙara sanye da rigar sanyi, ga wata kyanwa mai guntun kunne kwance a kujera mai laushi. Kadiri yakan kai hotunan teburin Ɗankande ya nuna masa, ko da yake ya san abin da zai biyo baya.

"Kai, Kadiri," in ji Ɗankande, yana sara ƙashi, "kyanwa da ke satar hanta a teburina jiya-jiya, yau ya zama borga ɗan ƙasar waje, ya tafi abroci can Turai. Kai kuwa ko Paga nan bakin iyaka ba ka taɓa haurawa ba. Ka roƙi Dakta ya sa maka wutsiya mana."

Kadiri yakan yi dariya, don maganar gaskiya ce. Amma akwai inda tsokanar Ɗankande ba ta taɓa zuwa, saboda ya san wurin da ke ciwo.

'Ya'ya huɗu Kadiri da Adiza suka haifa. Uku mata ne, duk suna gidajen aurensu. Namijin ɗaya ne, Mudasiru, mai gyaran babur. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya fito da 'yar jaka wata safiya ya ce zai je Kumasi sayen kayan gyara. Kadiri yana tsugune a ƙofar gida yana cire wa ragon maƙwabci ƙaya a kofato. Bai ko ɗaga kai ba, ya ce a dawo lafiya. Bayan kwana tara yaron ya bugo waya daga Agadas. Daga nan wata bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, Adiza ta rame har zani ba ya zama mata, sannan ya bugo daga ƙetaren teku. Yana can har yau, yana aiki a gonaki da rumbunan kaya, yana da lafiya, amma ba shi da takardar zama. Marar takarda kuwa in ya fito ba ya komawa, don haka bai fito ba. An aurar da ƙannensa biyu ba ya nan, an binne kakarsa ba ya nan.

Kowace Juma'a bayan la'asar suna ganinsa a waya. Kadiri bai raina wannan ba, ya san iyayen da ko muryar nasu ba su sake ji ba. Sai dai shi mutum ne da ya san duniya da hannu. In ya ɗora tafi a haƙarƙarin dabba ya san ko ta ci ko ba ta ci ba, ya san ko da zazzaɓi a jikinta. A waya kuwa fuska ce kawai, ita ma tana tsayawa tana tafiya. Mudasiru ya ce lafiya lau, Baba, kuma babu yadda za a yi Kadiri ya tabbatar. Yaron ya tafi ba gemu, yanzu har furfura ta fara leƙowa a gemun. Kewarsa na cin Kadiri, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ranar nan da bai ɗaga kai ba. Sau da yawa yana zaune a ƙarƙashin darbejiya sai ya bi titi da ido, har Adiza ta yi masa magana sau biyu bai ji ba.

A farkon shekarar nan Madam Maltiti ta aiko a kira shi. Baturiya ce, injiniyar rijiyoyin burtsatse, shekararta shida a Kanvili. Sunanta na gaskiya ya gagari harshen maƙwabta, suka raɗa mata Maltiti, ita ma har ta fi amsa shi. Tana da kyanwoyi biyu, ja mai suna Ƙosai da fara mai suna Wagashi, bana kuma za ta yi dogon hutu, tana so ta tafi da su duka. Ta ba shi kujera a baranda, ta kawo ruwa, ta yi masa bayani da Turancinta da gutsuren Hausar da ta tsinta a kasuwa. Jirgin da za ta hau, kyanwa ɗaya yake barin fasinja ya shiga da ita. Ita kuwa ba za ta yarda a sa ɗayar a cikin kaya ba.

"Baba Kadiri, kyanwa biyu gare ni, cinya ɗaya. Ina neman wanda zai riƙe Wagashi. Mako biyu, ka sauka a gidana, ka huta, ka dawo. Zan rubuta maka takardar gayyata."

Sannan ta ƙara da cewa daga garinsu zuwa garin da ɗansa yake, tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa. Ashe ta riƙe sunan garin tun ranar da ya taɓa nuna mata hoton Mudasiru. Ba zan kama sunan ƙasar ba, don ba ita kaɗai ke da irin halin da za ku ji ba.

Kadiri ya ɗauki kofin. Ya sha ruwan, ya ajiye kofi, ya ce to, a fara sa cip. Da ya hau kekensa ya tashi, sai da ya wuce kwanar gidansu ya kusa kaiwa babbar kasuwa kafin ya farga. Ya tarar da Adiza tana kankare tukunyar koko. Ya faɗa mata a tsaye. Ta zauna a kan turmi, hannu duk gasara, ta ce, "Malam, kada ka yi min wasa da wannan." Ya rantse mata. A ranar ta fara lissafin abin da za ta daka: yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa.

Aikin kyanwoyi ya tafi yadda ya saba, ba tangarɗa. Wajen nasa aikin ne Kadiri ya yi tunani irin na gwani, kuma gwanintar ce ta yaudare shi. Shekara tara yana hulɗa da dokar mutanen nan, ya kuma san abin da suke tsoro: cuta. Duk wannan allura da ɗibar jini da jiran wata uku, don kada a shigar musu da ciwo ne. To in haka suke yi wa kyanwa, ina ga mutum? Sai ya bi da kansa hanyar da yake bi da dabbobinsa, a jere. Ya fara yin fasfo, don shi ne lambarsa. Ya je aka yi masa allurar shawara da ta sanƙarau. Ya ƙirga kwana talatin, ya je asibiti ya miƙa hannu aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka auna sukari da hawan jini, likita ya rubuta cewa dattijon nan garau yake. Ya sa takardun a leda, kowacce da ranarta, ya jera su a sabon fayil shuɗi.

"Saura cip," in ji Ɗankande. "Kawo wuya, ni ma na iya sawa."

Madam Maltiti ta rubuta gayyata, ta kama masa kujerar jirgi, ta yi masa inshora, sannan ta shige ƙauyuka wajen rijiyoyinta, ba ta buɗe fayil ɗin ta ga abin da ya tara ba. A takardar neman biza akwai gurbin da ake rubuta dalilin tafiya. Tun kafin ya cike, Mudasiru ya gargaɗe shi ranar Juma'a, murya ƙasa-ƙasa kamar akwai mai sauraro: "Baba, don Allah kada ka ambaci sunana. Ko sun tambaya, ba ka da kowa a nan." Kadiri ya daɗe riƙe da biro. Bai saba ƙarya ba, kuma bai taɓa zaton za a wayi gari ya ɓoye cewa yana da ɗa ba. Ya rubuta hutu.

A Accra ya sa sabuwar rigarsa batakari, ya bi layi a ofishin biza tun da safe, ya isa gaban taga. Wata budurwa ce a bayan gilashi, mai ladabi, ba ta ɗaga masa murya ba. Ta buɗe fayil shuɗin tana warewa, ta ajiye gayyata da inshora a dama, ta tattara katin allura da sakamakon jini da hoton ƙirji ta turo masa su ta ƙarƙashin gilashi.

"Baba, waɗannan ba a buƙata."

"Jinina ne fa. An gwada, ba komai a ciki."

"Na gani, Baba. Ba a buƙata. Kana da takardar wurin aiki?"

Ya ce ya yi ritaya, yanzu aikin kansa yake yi. Ta tambayi takardar gida. Ya ce gidan kakansa ne, kowa a Tishigu ya sani. Ta ce da takarda? Ya ce goro aka bayar. Ta dube shi, ta sunkuyar da kai, ta rubuta wani abu. Aka ce ya ɗora yatsu a na'ura, sai da aka gwada sau huɗu kafin ta karanta, don igiya da ƙaho sun cinye zanen. Ya fito da rabin fayil a hammata, ya hau motar Tamale.

Duk da haka bai fid da rai ba. Jira dai sana'arsa ce. Adiza ta daka yajinta, ta ƙulla a leda uku. Shi kuma ya riƙa zuwa Kanvili kullum da hantsi yana sa Wagashi a jakar tafiya na ɗan lokaci don ta saba, ya ɗora a cinya, ya zauna a baranda kamar mai zaman jirgi. Yana zaune yana tsara yadda za ta kasance. Zai sauko, zai hangi yaron, ba zai yi kuka a gaban mutane ba. Ko awa ɗaya aka ba shi ta isa.

Fasfo ya dawo a cikin ambulan bayan mako uku. Ya buɗe shafi-shafi har bango, fari fat. A ciki akwai takarda mai jerin dalilai, an yi maki a gaban ɗaya. Ya bi da yatsa, ya gane, amma ya kai wa Madam Maltiti ko Turancinsa ne ya gaza. Ta karanta, fuskarta ta yi ja. Ta ce sun ce ba su gamsu cewa zai dawo ba.

"Ni?" in ji Kadiri. "In zauna can in yi me? Wa zai sauke wa Adiza tukunya?"

Ta ce za ta ɗaukaka ƙara, za ta rubuta, za ta buga waya, sai dai abin yakan ɗauki watanni. Ya zauna a bakin baranda, ya juya takardar gaba da baya kamar akwai sauran bayani.

"Madam, ke kin san su. Kyanwa, in suna shakkar ta, jini suke ɗiba, su jira wata uku, su ce ta wuce. To ni wane jini ake ɗiba a gane mutum zai dawo gidansa? Ki tambaye su. A ɗeba. Ko shekara suka ce in jira, zan jira."

Ta ce in haka ne ta fasa tafiya da Wagashi, a bar ta a nan. Nan take Kadiri ya miƙe, mai sana'a ya dawo. Ya ce a'a, ba za a yi haka ba. Kyanwa ta sha allura, ta ba da jini, ta cika wata ukunta, ba ta yi laifin komai ba. A nemo wani ya riƙe ta. Aka samu wani abokin aikin Madam da zai tafi a jirgi ɗaya.

Ranar Juma'a ya faɗa wa Mudasiru. Yaron ya ce ba komai, Baba, wata rana. Kadiri ma ya ce ba komai. Suka koma maganar damina da tsadar masara, kowa na kallon gefe, har Adiza ta karɓi wayar ta shiga ɗaki da ita.

Ya ƙarasa aikinsa tsaf. Likitan gwamnati ya duba kyanwoyi ana saura kwana huɗu, ya buga hatimi. Ranar Lahadi da hantsi Kadiri ya raka su filin jirgin Tamale, da ƙullin yajin Adiza a jakar Madam. A wajen bincike aka ce a fito da kyanwoyin a duba jakunkunan. Ƙosai ta fito salin-alin. Wagashi kuwa ta ga taron mutane da ƙarar na'ura, ta sa kunnuwa baya. Kadiri ya karɓe ta, ya ɗora tafi a wuyanta kamar yadda ya yi wa dubban dabbobi, ya fara yi mata magana. Amma hannun na rawa, dabba kuwa ba a ɓoye mata wannan. Ta juya ta kafta masa farce a bayan hannun hagu, layi uku, jini ya tsattsafo. A duk shekarunsa na riƙo kyanwa ba ta taɓa yi masa haka ba. Ya ƙara rungume ta har ta lafa, ya mayar da ita jaka, ya ja zif, ya miƙa wa baƙon mutumin. Ya tsaya a bakin shingen waya har jirgin ya ɓace, sannan ya nemi yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, ya koma gari.

Ranar Talata da azahar yana zaune a ƙarƙashin darbejiya waya ta yi ƙara. Lambar Madam Maltiti ce, kiran bidiyo. Ya ɗauka yana shirin tambayar ko takardu sun wuce lafiya, sai ya ga Mudasiru. Yana zaune a wani ɗakin girki mai farar taga, da rigar sanyi, Wagashi a cinyarsa. Shi da ke gudun tashar jirgin ƙasa saboda masu tambayar takarda, ya hau ya yi awa biyu ya zo. Kadiri ya ƙwala wa Adiza kira, ta fito da ludayi a hannu.

"Baba, wannan ne ka riƙe?"

"Ita ce. Shekaranjiya da hantsi tana hannuna."

"A ina ka riƙe shi?"

"Sa tafinka a wuya. A'a, yi ƙasa kaɗan. Ƙara. Nan."

Mudasiru ya ɗora tafinsa a wurin, ya bar shi. Adiza ta toshe baki da gefen mayafi. Kadiri ya ƙura wa hannun ido, babban hannu ne yanzu, mai kaushi, irin nasa sak, kuma bai san ranar da ya zama haka ba.

Can Mudasiru ya ja hanci, ya yi 'yar dariya. "Amma kyanwa nan ba shi da kunya, Baba. Ina ɗaukarsa dubi abin da ya yi min." Ya kawo bayan hannunsa kusa da waya, ga layi uku, sabbi, jajaye.

Kadiri ya ɗaga nasa. Mudasiru ya matso da fuska ya duba, ya fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sunkuyar da kai cikin gashin kyanwa. Suka daɗe a haka, hannu biyu a gaban waya biyu, har hoton ya tsaya, layin ya yanke.

Adiza ta share ido, ta kama hannun mijinta ta duba. Wurin ya ɗan kumbura, ya fara ɓawo. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin man kaɗe, ta lakato da yatsa.

"Kawo in shafa maka, Malam."

Kadiri ya janye hannun, ya rufe shi da ɗayan.

"Bar shi," ya ce. "Kada ya yi saurin warkewa."